Barmo da Akwatin Ɗumi

Idirisa, Habsu, Ladi, ku matso nan ku zauna. Kowa ya kife wayarsa a kan tabarma, ba na son ganin yatsa yana motsi. Ban kira ku daga Damagaram da Bune don ku sha fura ba. Maganar autanku ce, Barmo, kuma zan faɗe ta yadda ta faru. Ba zan rage masa komai ba don ni na haife shi.

Barmo dai yana da rumfar cajin waya kusa da tashar Gure, pano biyu na hasken rana da bateri ɗaya. Ya taɓa yin wata uku a Damagaram yana sharar wani gidan kaji, tun daga nan ya dawo ya ce a riƙa ce masa Teknisiye. Da ya tashi gini ya ce shi ya wuce ɗakin ƙasa. Ya yi na siminti, ya rufa kwano tsirara, ya buɗe manyan tagogi biyu suna kallon gabas, wai don iska. Iska kuwa ta amsa gayyata. Da sanyi in aka bar ruwa a kofi cikin ɗakin nan, da safe haƙori ba ya iya taɓa shi.

A cikin wannan ɗaki matarsa Safiya ta sauka, tsakiyar sanyi, ɗan fari, namiji, aka sa masa Salihu. Ranar suna uwarta Ummul Kulsum ta zo daga Kelle da niyyar tafiya da mai jego da jariri, su yi wankan gida kamar yadda kowa ke yi a haihuwar fari. Barmo ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Kan ne kawai ya san kunya, bakin bai sani ba.

"Inna, a bar mini su. Ni da na raini 'yan tsaki dubu uku a Damagaram, ko ɗaya bai yi atishawa ba, jariri ɗaya ne zai gagare ni?"

Ummul Kulsum ba ta magana da suruki kai tsaye, don haka ta juya ta tambayi bango.

"Kaza 'yata ta haifa?"

"A'a, Inna, ilmin ne ɗaya."

Ta daɗe tana kallon bangon. Sannan ta ce, "A faɗa wa mai gidan nan na ba shi kwana goma sha huɗu. Ranar da na dawo, in na tarar da yaron nan da majina, ko uwarsa da jan ido na rashin barci, zan kwashe su. Ba zai sake ganinsu ba sai an fara kwana a tsakar gida."

Barmo ya lissafa a ransa. Wata uku ke nan ba Safiya, ba yaro, ba tuwo, ga dariyar 'yan tasha. Ya ce ya yarda, har yana ƙarawa da cewa kwana bakwai ma sun isa.

Washegari da safe ya je teburin Ɗan Talata mai shayi yana nuna wa mutane hoton jaririn a waya. Fannami tela, maƙwabcinsa da suka haɗa katanga, ya kawar da kai.

"Teknisiye, ɗan fari ne fa. Mutane ko sunansa ba sa kamawa don kunya, kai kana yawo da shi a aljihu."

"Kunya ba ta ɗumama yaro, Fannami. Ku dai ku zuba ido. Sanyin bana a ƙofar gidana zai tsaya ya yi sallama, in ce ba na nan."

Ɗan Talata ya ce, "To, Allah ya sa sanyin yana jin Hausa."

Daga nan ya wuce wurin masu gwanjo ya cika buhu. Da magariba ya zaunar da Safiya ya ce ta miƙo yaron. Ya sa masa riga, ya ɗora wata, ya ɗora ta ulu, ya sa hula biyu da safa uku, ya naɗe shi da zane, ya naɗe da bargo, ya kawo tsohuwar rigar sanyinsa ta hawa moto ya zuge a sama. Ya ja da baya yana kallon aikinsa.

Safiya ta ce, "Malam, ina yaron?"

"Yana ciki."

"Ta ina zan ba shi nono?"

"Na bar hanya ta gefen hagu."

Yaro ya kwana tsala ihu, kamar daga cikin rijiya. Barmo ya ce sanyi ne bai gama fita ba, ya ƙara tawul. Gari na wayewa Safiya ta ce likita za ta, ko ya raka ta ko ya zauna.

A gidan likita, majo, wato babbar ma'aikaciya mai duba yara, wata dattijuwa ce da ba ta dariya. Ta fara ɓare yaron kamar albasa tana ƙirgawa da ƙarfi, matan da ke layi suna taya ta. Da aka kai tara sai ga Salihu ya fito sharkaf da gumi, wuyansa da bayansa duk ƙuraje.

Majo ta cire tabarau. "Shekara goma sha tara ina aikin nan, ban taɓa ganin ƙurajen zafi a tsakiyar sanyi ba sai yau. Wane ne uban?"

Barmo ya ɗaga hannu, a zatonsa yabo ne ke tafe.

"Saurara. Abin da kai ka sa a jikinka, ka ƙara masa riga ɗaya, shi ke nan. Ka taɓa bayan wuyansa, in da ɗumi ba gumi, lafiya lau yake. Kada a rufe masa fuska. Kuma kada in ji an kunna gawayi a ɗaki an rufe ƙofa."

Duk wannan bayani, abu ɗaya ne ya zauna a kan Barmo. Gawayi! Yaya aka yi bai tuna da shi ba? Ai majo ta hana ne don mutanen da ba su san aiki ba. Laifin ba na gawayi ba ne, na ramukan da zafi ke tserewa ta ciki ne. A ɗumama ɗakin gaba ɗaya, ba sai an tula wa yaro kaya ba.

Washegari tun da safe ya kama toshe ɗaki. Tsumma a ƙarƙashin ƙofa, kwali a tagogi, tsohuwar katifa a tsagar kwano. Ya cika furno, murhun ƙarfe, da gawayi ya hura har ya yi ja.

Safiya ta ɗauki ɗanta ta koma madafa kusa da tukunyar ruwan wanka. "Ka fara gwadawa a kanka, Malam. In ka fito da ƙafarka, ma yi magana."

"Za ki roƙe ni in buɗe miki."

Ya shiga bayan azahar ya ja ƙofa. Da fari ana jiyo shi ta katanga yana ba da labari. "Kai, ɗumi! Fannami, kana ji? Na cire riga! Wannan ko otal ɗin Yamai!" Can muryar ta yi ƙasa. Can ta ɗauke.

Fannami yana kan keken ɗinki sai ya tsayar da ƙafa. Ya ce wa matarsa Mairamu, "Kin ji abin da nake ji?"

"Ban ji komai ba."

"Shi ne. Yaushe Barmo ya taɓa yin shiru ana farke?"

Ya tsallake katanga, ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar. Da ƙafa suka jawo shi waje, Fannami da Ɗan Talata da ya rugo da ludayin shayi a hannu. Mairamu ta kwara masa ruwan randa. Barmo ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido ɗaya, ya dubi mutanen da suka zagaye shi.

"Amma kun ji ɗumin?"

Ɗan Talata ya ce, "Mun ji. Saura kaɗan mu ji ɗumin kunun sadakar uku."

Kwana biyu yana kwance da ciwon kai, an ɗaure masa goshi da ɗankwali. A kwana biyun nan Safiya da yaro suka yi barcin da ba su taɓa yi ba. Mai hankali da ya lura. Barmo kuwa abin da ya gani shi ne kwana shida sun tafi bai nuna komai ba.

Kwana uku da komawarsa rumfa, wani makiyayi daga Alakos ya kawo cajin waya. Barmo ya tambaye shi yadda suke yi da sanyin daji, ba ɗaki ba bargo. Mutumin ya ce in ya tsananta sukan kwanta ne a tsakiyar tumaki. Barmo ya buga cinya. Ga ɗumi mai rai, ba hayaƙi, ba gawayi, yana nan ɗaure a turke a gidansa yana cin dusa a banza!

Bayan isha ya kwance awakin Safiya biyu da ragonta ya kora su ɗaki.

"Malam, mene ne haka?"

"Ilmin makiyaya ne. Kowace dabba ɗaya daidai take da bargo uku."

"Bargo ba ya fitsari."

"Ki kwanta dai."

Ba wanda ya kwanta. Akuya ɗaya ta fara da gidan sauro, ta cinye shi har rabi. Ɗayar ta hau gado ta sami katin awon yaron da majo ta ce a adana kamar ido, ta tauna shi tana kallon Barmo. Rago shi ne ya yi haƙuri har asuba. Da haske ya fara shigowa sai ya hangi wani rago a madubin kabad ɗin Safiya, mai kama da shi, yana harararsa. Ya ja da baya taku uku.

Unguwa duka ta ji ƙarar. Kwanukan jeren Safiya, waɗanda uwarta ta shekara biyar tana tarawa, suka zubo ƙasa suna gangarawa har tsakar gida, murfi yana bin murfi. Mairamu ta leƙo ta katanga ta tarar da Safiya tsaye a kan akwati da yaro a kafaɗa, Barmo yana kokawa da rago a ƙarƙashin gado.

"Lafiya, amarya?"

"Lafiya lau, Yaya Mairamu. Ɗumi ya samu. Wari ma ya samu."

Daga ƙarƙashin gado Barmo ya ce, "Madubin ne ban lissafa ba."

Safiya ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tsince kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, ta ware waɗanda suka lotse, ta ce, "Saura kwana huɗu Inna ta zo." Wannan magana ta fi mari shiga jikin Barmo. Ya ga ɗakin nan wayam, ya ga kansa yana cin garin rogo a tasha har bazara, Ɗan Talata yana tambayarsa labarin sanyi kowace safiya.

Sai ya tuna da gidan kaji. Ai can akwati ake yi wa 'yan tsaki, a kunna musu ampul na lantarki, su kwana suna murna. Tun farko abin da ya kamata ya yi ke nan, ya tsaya bin shawarar mutanen da ba su yi zaman Damagaram ba.

Ya rufe rumfa kwana uku, masu waya suna zaginsa. Ya haɗa akwatin katako mai murfi, ya liƙa masa buhu ta ciki, ya jera ampul shida, ya jawo fil ɗin wuta daga baterinsa. Ya kunna. Haske fes, kamar gidan biki. Ya sa hannu ciki, ya jira, ya sake jira. Sanyi ƙalau. Ampul ɗin yanzu farare ne, haske suke bayarwa ba zafi, ba irin jajayen da ya gani a gidan kaji ba.

Wani zai tsaya nan. Barmo ya ɓalle gindin akwatin ya sa fallen kwano, ya ɗora shi kan bulo huɗu, ya je ya aro dutsen guga biyu na Fannami, irin na gawayi, ya ce za a zura su a ƙasa. Hayaƙi a waje, ɗumi a ciki. Ya ce ko Turawa ba su kai nan ba.

Fannami ya ce, "Ni dai a dawo mini da su, kuma kada a ambaci sunana."

Ranar goma sha huɗu Barmo ya fito da akwatin ƙofar gida, ya aika aka gaya wa unguwa kowa ya zo ya ga abin da zai kori sanyi daga Gure. Ya shiga ya ce Safiya ta kawo yaron.

"In ka sa ɗana cikin akwatin nan, da ƙafa zan tafi Kelle, ba zan jira mota ba."

"Minti goma kawai, Inna ta gani."

"Ko ƙiftawar ido."

Ya yi lallashi, ya yi fushi, ya ce shi ne mai gida. Ta goya ɗanta ta ɗaure zane tamau ta juya masa baya. To, taro ya riga ya haɗu, ba a fasawa. Ya ruga kasuwa ya zaɓo kabewa doguwa, yana auna ta a hannu har ya sami mai nauyin Salihu. Ya sa mata rigar suna. Ya ɗora mata hular ulu ja da Ummul Kulsum ta saƙa da hannunta. Ya kwantar da ita a akwati, ya ja mata zane, ya rufe murfi, ya zura guga biyu cike da garwashi.

"Jama'a, wannan wakilin yaro ne. In Inna ta iso za ta taɓa shi ta ji yadda jikanta zai riƙa kwana."

Ɗan Talata ya ce, "Tubarkalla, ya ɗauko kan ubansa."

Motar Kelle ta yi latti. Barmo ya cika lokacin da jawabi. Ya ce zai buɗe masana'anta, kowace mai jego daga nan har Bune sai ta sayi ɗaya. Ya ce akwai mai ɗaukar tagwaye. Duk bayan ɗan lokaci ya durƙusa ya ƙara garwashi, don kada suruka ta zo ta tarar ya huce. La'asar ta yi, aka je aka yi salla aka dawo. Sai wani ƙamshi ya fara zagaya taron.

Mairamu ta ɗaga hanci. "Wa ke miyar taushe da yammacin nan?"

"Ƙamshin sabon katako ne," in ji Barmo.

"Katakon nan ya ji wuta, Teknisiye," in ji Fannami. "Hayaƙi nake gani."

"Tururin ɗumi ne. Kada wanda ya taɓa murfin, zafin zai gudu."

Daidai nan ɗan kabo-kabo ya sauke Ummul Kulsum. Ta ga taro maƙil a ƙofar gidan 'yarta, ba kiɗa ba guɗa, ga akwati a tsakiya. Ƙullin kayanta ya faɗi daga kanta. Barmo ya cire takalmi ya tsuguna, fuskarsa cike da fara'a.

"Sannu da hanya, Inna. Yana ciki. Tun azahar bai yi kuka ba ko sau ɗaya."

Matar nan ta ture mutum uku ta fizge murfin. Hayaƙi ya turnuƙe. Da ya washe sai ga hular da ta saƙa, ga rigar suna ta yi baƙi ta ƙasa. Ta saki salati da ya tashi tantabarun unguwa, ta sa hannu biyu ta sungumo abin. Yatsunta suka nutse a ciki. Hula ta zame. 'Ya'yan kabewa suka zubo mata a zane.

Ta dubi abin da ke hannunta, ta dubi taro, ta sake duban abin da ke hannunta.

Sai ga Safiya ta leƙo daga zaure. "Inna, ga shi nan." Ta juya baya. Salihu yana goye, riga biyu da hula ɗaya, ya kwantar da kunci a bayan uwarsa yana barci har da miyau.

Shekara biyu da auren nan Ummul Kulsum ba ta taɓa kallon surukinta ido da ido ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. Ran nan ta yi duka biyun.

"Barmo!"

"Na'am, Inna. Ai gwaji ne. Guga ɗaya ya kamata in sa, yanzu na gane..."

Ta kife masa kabewar a ka. Kabewar ta nuna sosai, don har wuya ta zauna masa.

Ɗan Talata ya ce a kawo gishiri kada a yi asara. Mairamu ta zauna a ƙasa don dariya. Fannami ya lallaɓa ya janye gugarsa ya shige gida ya sa sakata. Yau kwana biyu ke nan, ko'ina Barmo ya bi a garin nan sai an tambaye shi ko wakilin yaro ya tashi lafiya.

To, ga inda muke. Ummul Kulsum tana gidan, ta ɗaure kayan Safiya tsaf, ta zauna a kansu. Na je na same ta, mace da mace. Na ce yaron ba shi da majina, ta duba ta ga haka ne. Ta ce ba ta musu, amma ita ba za ta bar jikanta gari ɗaya da mutumin nan ba muddin ana sanyi. Ko ta tafi da su Kelle, ko shi ya bar Gure sai bazara. Safiya ta ce ita duk wanda aka yanke daidai ne, in dai za ta yi barci. Ni kuwa ba na son a ce gidanmu kaf an rasa mai iya riƙon jariri ɗaya, har sai an kai shi wani gari. Kuma ba na son in kori ɗana daga ɗakin da ya gina, ko da ɗakin banza ne.

Kada wanda ya ce mini ya yi hankali. Da safen nan an gan shi a garaji yana taya tankin ruwan wata tsohuwar kamyo, babbar motar kaya, yana tambaya ko yana riƙe zafi har asuba.

Idirisa, kai ke da shago a Damagaram da ɗaki a bayansa. Habsu, Ladi, ku kuka goye shi, kun san abin da kuka goya. Gobe da hantsi motar Kelle za ta tashi, ta Damagaram ma haka. Ku yanke kafin ku tashi daga tabarmar nan, ku faɗa mini wanda zan raka tasha, jaririn ko ubansa.